Digirin zane da rabin manhajar da ke Kakuri

Yaron da ya tashi a Kakuri ko Makera ko Nasarawa, wanda tun yana firamare ake yi masa faɗa a kan cika bayan littafi da zane, idan yau ya ce digirin zane yake so, to hanyarsa a shimfiɗe take, aƙalla a takarda. Zai kawo kiredit biyar na jarrabawar gama sakandare, da Turanci a cikinsu, ya zauna jarrabawar JAMB, in ya dace ya kama hanyar Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take da ɗaya daga cikin sassan zane mafi daɗewa a ƙasar nan. Shekara huɗu zai yi, ko uku in ya zo da NCE ko difloma, kuma ba zai fita ba sai ya tara yunit 120 ko fiye. A shekarun farko kowa da kowa tare ake tafiya: zanen abin da ido ke gani, sanin launi, fenti, sassaƙa, tarihin fasaha, haɗe da kwasa-kwasan da ake ɗora wa kowane ɗalibin jami'a, irin su amfani da Turanci da koyon kasuwanci. Daga nan ya zaɓi ɓangarensa, ya fita horon masana'anta da ɗalibai ke ce wa IT, ya dawo ya yi aikin ƙarshe da rubutaccen bincike, a baje kolin abin da hannunsa ya yi, malami daga wata jami'a ya zo ya duba. In an karanta jerin nan shi kaɗai, babu abin kushewa a ciki. Maganata ita ce jerin bai taɓa zama cikakkiyar manhaja ba, rabi ne. Ɗaya rabin, wanda ba a taɓa rubuta shi a kundin jami'a ba, a wurare irin Kakuri yake, kuma shi ne ya rushe a cikin shekaru 30 da suka wuce, alhali rabin takarda sai ƙaruwa yake yi.

Asalin rabin takardar sananne ne. Sashen zane ya fara ne a reshen Ibadan na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya, aka dawo da shi Zariya a 1955, shekara bakwai kafin a buɗe jami'ar kanta a 1962. Malamansa galibi Turawan Ingila ne, in ka cire irin su Clara Ugbodaga-Ngu, kuma mudun da ake auna ɗalibi da shi na makarantun zane na Landan ne, Slade da Goldsmiths, waɗanda kwalejin ta ƙulla alaƙa da su. Ana koyon ƙirar jikin ɗan Adam gaɓa-gaɓa, da yadda nisa ke ƙanƙantar da abu a ido, da haske da inuwa, da tarihin masu zanen Turai. A daidai wannan lokaci Ingila kanta tana sake fasalin karatun zane. Rahoton kwamitin William Coldstream, shugaban Slade ɗin, wanda ya fito a 1960, ya shar'anta cin darussa biyar na sakandare kafin shiga, ya kuma ware kashi 15 cikin ɗari na karatun ga tarihin fasaha da sauran karatun littafi, don mai zane ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da mai digiri. Niyyar ba ta da laifi. Sai dai duk inda aka ce sai da takarda ake shiga, a can ko a nan, an kulle ƙofa ke nan ga wanda gwanintarsa duka a hannu take, ko ɗalibta ya zo nema ko malanta.

Waɗanda suka fara ƙorafi a kan wannan manhaja ɗalibanta ne. A 1958 Uche Okeke, wanda a Kafanchan ya yi ƙuruciyarsa, da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da wasu abokansu suka kafa Ƙungiyar Zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka riƙa yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Ba su ce a zubar da dabarun Turai ba. Cewa suka yi a riƙe su, amma kowa ya koma gidansu lokacin hutu ya binciko zanen kakanninsa ya gauraya. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma da Okeke ya karɓi ragamar sashen zane na Nsukka bayan yaƙin basasa, sai ya mai da zanen uli na matan Ibo ginshiƙin karatu a can, har aka san makarantar da shi. Wannan ya isa hujja a kan cewa ana iya juya akalar manhaja in an sami mai niyya. Abin lura kuwa, a cikin 'yan tawayen nan babu Bahaushe ko ɗaya, ga shi kuma birnin Zariya, da masu ɗinkin babbar riga da dukawa da magina jikokin Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a, yana nan kusa da su. Fasahar Hausa ta shiga jami'ar daga baya, ta hannun irin su David Heathcote, malamin tarihin fasaha da ya tattara ɗinkin Hausa ya kai shi baje koli Landan a 1976. Amma ta shiga ne a matsayin abin da ake nazari a kansa, a ɗauki hotonsa, a rubuta kundi. Ba a ba ta alli ta tsaya gaban aji ba. A 1977 jami'ar ta ba Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane 'yar ƙabilar Gbagyi da hotonta ke bayan takardar naira 20, digirin girmamawa na dakta. Matar da aka karrama haka, da a ce fom ta saya tana neman shiga aji ɗaya, da tun a tagar karɓar takardu za a sallame ta.

To me ya rufa wa wannan tsari asiri shekara da shekaru? Ni a ganina masana'antu ne. A 1957 gwamnatin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Lankasha, ta buɗe masaƙar KTL a Kakuri. Nortex ta biyo baya a 1962, sai Arewa Textiles ta Japanawa da UNTL ta iyalan Cha na Hon Kon a tsakiyar shekarun 1960. A unguwa guda ga masana'antar makamai ta DICON, ga kamfanin giya, ga Peugeot da ta fara harhaɗa motoci a 1975. Jiniyar canjin aiki ita ce agogon unguwar, kuma dubban mutane daga Benuwai da Filato da kudancin Kaduna da Kano da ƙasar Yarbawa suka zauna a nan saboda ita. KTL da akoko ta fara, amma da masu buga atamfa suka zo sai aka shiga buƙatar ɗakin zane, da masu zane, da masu rarraba launi. A can ƙetaren kogi kuma ga jaridar New Nigerian tun 1966, ga gidan rediyo da talabijin, ga maɗaba'ar Gaskiya a Zariya tun 1945 da kamfanin wallafa na NNPC, dukkansu masu cin hannun mai zane ne. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta sami wannan matsayi a 1968, tana horar da masu fasahar saƙa da ɗab'i. Da asusun horar da ma'aikata na ITF ya ɓullo da shirin horon masana'anta na SIWES a 1973, wanda ya zama sharaɗi ga ɗaliban fannoni irin wannan, ba da ka ya yi ba: ya san akwai ƙofofin da za a ƙwanƙwasa a buɗe.

Yana da kyau a dubi abin da ɗakin zanen masaƙa ke koya wa mutum, don a gane girman abin da aka rasa. Zanen da ɗalibi ke yi a situdiyo gefe huɗu gare shi, inda takarda ta ƙare nan ya ƙare. Zanen atamfa ba shi da ƙarshe, domin ganga ce ke juyawa tana buga shi a kan yadi mai gudu. Dole wutsiyar zanen ta haɗu da kansa yadda ido ba zai ga mahaɗa ba, dole kuma tsawonsa ya yi daidai da kewayen gangar ko ya raba shi ba saura. Kowane launi da tasa gangar ko nasa sikirin, saboda haka sai mai zane ya warware aikinsa filla-filla, ja a takardarsa, shuɗi a tasa, ruwan ɗorawa a tasa, kowanne da baƙar tawada a kan takarda mai shara-shara, da 'yan alamomi a gefe don su hau kan juna daidai. In ya kauce da kaurin zare, injin ba ya jira: kafin a ankara ɗaruruwan yadi sun fito launi ya hau launi, an yi asara, kuma kowa ya san hannun wa. Ƙarin launi ɗaya ƙarin kuɗi ne, don haka gwani shi ne wanda zai sa launi uku su yi aikin biyar. Bayan duk wannan ga alƙalan ƙarshe, dillalan Kantin Kwari da matan da ke fitar da anko, waɗanda a ninke za su fara ganin turmin yadi shida, su warware shi su kara a jiki, su ƙiyasta yadda zai kasance bayan almakashin tela ya ratsa shi. Babu malamin jami'a da ke ba da maki da tsanani irin na waɗannan mata, kuma ba sa sauraron uzuri.

Rushewar kowa ya san labarinta, ba sai an ja ba. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, kayan gyaran inji da sinadaran rini suka yi tsada. Wuta ta zama sai an ga dama, baƙin man da tukwanen tururi ke sha ya yi wuya duk da matatar Kaduna na nan kusa. Aka ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997, kayan Sin suka kwararo ta Kwatano da Maraɗi, wasu ɗauke da zanen masaƙun nan har da rubutun bakin zane. KTL ta rufe a 2002, ta bar ma'aikatanta suna bin haƙƙinsu shekara da shekaru. Arewa ta bi ta wajen 2005, UNTL a 2007, kuma sake buɗe ta da aka yi a ƙarshen 2010 da rancen Bankin Masana'antu bai dawo da jiya ba.

A daidai waɗannan shekaru ne kuma rabin takarda ya fi samun kulawa. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta fitar da mafi ƙarancin ma'aunin karatu a 1989, ta sabunta shi a 2007, aka wajabta kwas ɗin koyon kasuwanci ga kowa, sannan a Disambar 2022 aka ƙaddamar da sabon tsari wanda hukumar ke tsara kashi 70 na manhaja, jami'a ta cike sauran 30 da abin da ya dace da muhallinta. Kowane kwas yanzu yana da lamba, da yunit, da jerin abin da ake so ɗalibi ya iya in ya gama. Sharaɗin IT yana nan daram, da littafin da ake cikewa kullum a sa hannu. Amma tura ɗalibin zane neman horon masana'anta a Kaduna ta yau kamar a ba mutum guga ne a nuna masa rijiyar da ta ƙafe. Inda da yawa ke ƙarewa shi ne shagon buga bana da fosta da rigunan kamfe, gaban kwamfuta da CorelDraw, suna gyara hoton ɗan takara ko katin ɗaurin aure. Sana'a ce ta halal, kuma akwai abin koyo a cikinta. Abin da babu shi ne maigidan da idonsa ya fi na malamin aji kaifi, da aikin da kuskure a cikinsa ke da tsada. Yunit kuwa awowi yake ƙirgawa, bai san bambancin awar da aka yi a gefen gwani da wadda aka yi ana jiran a kawo wuta ba.

Mai ja zai ce na haɗa abubuwa biyu da ba a haɗawa. Zanen atamfa aikin sashen zanen masana'antu ne, wanda jami'ar ta ware shi daban tun ƙarshen shekarun 1970, da ɓangarorinsa na yadi da tangaran da gilashi da zanen ɗab'i. Mai fenti da mai sassaƙa ba don masana'anta ake horar da su ba, don su ga duniya da idon kansu ne su nuna mana. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma wanda ya taɓa ratsa lambun mutum-mutumi da ke gefen sashen zane a Samaru ya ga shaidarta. Ayyukan ɗalibai ne na shekaru daban-daban, galibi na siminti: a lanƙwasa rodi a yi ƙashi, a naɗe shi da ragar waya, a riƙa ɗora kwaɓi kaɗan-kaɗan ana jiƙawa don kada ya tsage, har mai ganga ko mai tallan nono ya miƙe tsaye ya fi mutum tsayi. Wasu damina ta cinye su rodi ya leƙo, wasu suna nan garau. Babu masaƙar da ta sa a yi su. Haka nan Gani Odutokun, wanda ya koyar a sashen har rasuwarsa a hatsarin mota a 1995, ba don Kantin Kwari yake kwarara fenti a kan ƙyalle ba. Na yarda. Amma rabuwar sassan biyu ta ofis ce, hannun da ke aikin ɗaya ne, kuma kaɗan ne ƙwarai cikin masu digirin fenti a kowace ƙasa ke cin abinci da sayar da hoto kaɗai. Saura koyarwa suke yi, ko zanen littafi da jarida, ko talla, ko ado na gine-gine. Garin da ke da masana'antu shi ke da albashin da ake sayen hoto da shi, da kamfanin da zai ba da kwangilar zanen bango ko kalanda. Da Kakuri ta yi sanyi, mai fenti ma ya ji a jikinsa, sai ya tattara ya nufi Legas ko Abuja inda masu saye suke. Abin da ya fi wannan muhimmanci, mai zanen da bai taɓa aiki a ƙarƙashin doka mai tsauri ta wani abu ba, ko ta inji ko ta yumɓu ko ta zare, 'yancin da yake taƙama da shi sau da yawa rashin horo ne kawai.

Wani kuma zai ce begen jiya ne ke damuna, kuma jiyan ba ta kai yadda nake zuzuta ta ba. Ba kowane zane aka haifa a Kakuri ba. Wani daga waje ake kawo shi, wani kwaikwayon atamfar Holan ne, kuma da yawa daga ma'aikatan ɗakin zane kwafi suke yi, ba ƙirƙira ba. Yau kuma kwamfuta tana haɗa mahaɗar zane ta rarraba launi cikin ƙiftawar ido, ga ƙirƙirarriyar basira da za ka faɗa mata abin da kake so ta zana maka. Duk gaskiya ne, kuma ba ina kiran a dawo da takarda mai shara-shara ba. Amma kwafi a gaban gwani tsohuwar hanyar koyo ce, da ita mai ɗinkin hula da mai rubutun allo suka ƙware. Saurin kwamfuta kuwa ƙara wa ido daraja ya yi. Idan na'ura za ta zubo maka zane hamsin kafin shayi ya huce, aikin da ya rage wa ɗan Adam shi ne ya san wanne ne zai zauna a jikin yadi, wanne ne zai mutu da zarar an wanke, wanne ne matar Funtuwa za ta ɗauka ta Aba ta ƙi. Wannan sani ba ya zuwa ta lakca. Yana zuwa ne ta taɓa kaya da ɓata su da jin faɗa.

Tunda masaƙun ba za su dawo don ɗaliban zane ba, tambayar ita ce ina sauran wuraren da horo mai tsanani ya rage. Suna nan, kuma sun girmi masaƙun. Akwai marinar Ƙofar Mata a Kano, inda ake haɗa baba da toka da katsi a bar su su nuna kwana da kwanaki, a tsoma yadi a ɗaga ya sha iska a sake tsomawa har shuɗin ya kai inda ake so. Akwai masu ɗinkin hannu a birnin Zariya, inda wani ke zana aska biyu ko aska takwas a ƙirjin riga, wani ya bi da allura wata da watanni. Akwai dukawa, da maƙeran fari, da masu zayyanar allo da Alƙur'ani, da maginan da suka iya ɗaurin guga da adon bango, da matan Gbagyi masu gina tukunya ba tare da injin juyi ba, da masu tagulla da kwalba na Bida. Kashi 30 ɗin nan da aka bar wa jami'a, a ganina, nan ya kamata a kashe mafi yawansa: zangon karatu guda cur a hannun gwani ɗaya, da yunit masu nauyi daidai da na fenti, da maki da gwanin ke da baki a cikinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne. Makarantar da Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da ɓangaren sana'a da masu sana'ar gari ke koyarwa. Makarantar Bauhaus ta Jamus, wadda aka kafa a 1919 kuma kusan duk manhajar shekarar farko ta makarantun zane na duniya ke da jininta, a farkonta malamai biyu take sa wa kowane ɗakin aiki, ɗaya masanin fasali, ɗaya gwanin sana'a, kuma ɗakin saƙa na cikin waɗanda suka fi kawo mata kuɗi.

Akwai wata fa'ida da ba a cika faɗa a fili ba. Gidajen Musulmi da yawa a Arewa ba sa barin ɗansu ya karanta zane saboda batun sura mai rai, musamman mutum-mutumi, da zaman zana jikin mutum. Malamai sun yi dogon bayani a kan wannan, kuma yanke hukunci ba hurumina ba ne. Abin da ke hurumina shi ne sakamakon: al'ummar da ta ƙware a zayyana da ɗinki da gini ta zama baƙuwa a sashen da ke cikin ƙasarta. Manhajar da ta ɗauki lissafin zayyana da tsarin aska takwas da muhimmanci za ta nuna wa uba cewa zane ya fi gunki faɗi. Amma a nan sai an yi hattara, kuma mutumin Kakuri ya fi kowa sanin dalili. Tun rikicin 2000 Kaduna ta rabu, kogi ya zama iyaka, unguwannin da masaƙa ta cakuɗa suka tace kansu. Ba za a so a kai wannan rabuwa cikin situdiyo ba, a ce ga layin Musulmi masu zayyana, ga layin Kirista masu sassaƙa. Shi ya sa nake cewa zaman koyo a hannun gwani ya zama wajibi a kan kowa, ɗan Kagoro ya zauna a marina, ɗan Zariya ya durƙusa gaban mai tukunya, dukkansu kuma su san kawunan yumɓu na Nok, waɗanda a jihar nan aka fara tono su, a matsayin gadonsu tare. Zanen abin da ido ke gani kuwa kada a rage masa ko awa ɗaya, domin shi ne ke koya wa hannu bin ido, ko doki ake zanawa ko ninkin rawani ko reshen tsamiya.

Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa na kuɗi ne da na doka. Su kansu gwanayen ƙarewa suke yi. Rijiyoyin rini da yawa a Ƙofar Mata sun daina aiki, ɗinkin inji ya kassara na hannu, siminti da kwano sun kori ginin ƙasa, 'ya'yan masu sana'a sun koma acaɓa da sayar da waya. Wani zai ce tura ɗalibi can tura shi ne daga masana'antar da ta mutu zuwa sana'ar da ke jinya. Amsata ita ce jinya ba mutuwa ba ce, kuma har yanzu sarakuna da attajirai da 'yan siyasa suna biyan maƙudan kuɗi a kan rigar hannu, masu yawon buɗe ido da masu ɗinkin zamani na Legas suna neman rinin baba na gaske, abin da ke nuna kasuwar ta ƙanƙance ne ta koma ta masu neman inganci, irin kasuwar da mai digirin zane ya kamata ya iya shiga. Ta fuskar doka, jami'a ce ke tsara kashinta na 30, majalisar malamanta ta amince, NUC ta duba, don haka ba sai an jira wata sabuwar doka daga Abuja ba. Ƙa'idar cewa malamin jami'a ne kaɗai ke ba da maki ana iya biya mata buƙata ta hanyar masu dubawa biyu, malami ya riƙe rajista, gwani ya faɗi ko aikin ya yi ko bai yi ba, a rubuta. Inda gizo ke saƙar shi ne ladan gwanin. Tsarin SIWES ɗalibi yake ba ɗan alawus, ba ya biyan mai masaukinsa, saboda an gina shi ne a kan kamfani irin UNTL wanda ɓarnar ɗan koyo ba ta girgiza shi. Marini ba haka yake ba. Shaddar da ɗalibi zai ɓata ta mai kaya ce, baban da zai zubar saye aka yi, ranar da aka ɓata ana nuna masa kuma ranar neman abinci ce. Sai an ware masa kuɗi a kasafin sashe, ko daga asusun TETFund, ko daga gwamnatin jiha, a biya shi kamar yadda ake biyan malamin wucin gadi, a kuma saya wa ɗalibin yadi da zare da fatar da zai koya a kansu. Sashen da ɗalibansa ke sayen fenti da siminti daga aljihunsu zai ce ba shi da wannan kuɗi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai ladan marini goma na zango ɗaya bai kai kuɗin kwamfutoci goma da ake saye duk lokacin da tawagar tantancewa ta NUC za ta zo ba.